Me Sankarar Mama Ke Nema a Cikin Ƙashi?

[Kiɗan buɗe shiri]

  

Yau zancen sankarar mama za mu yi, wadda wasu ke kira ciwon dajin nono. Amma ba a ƙirji za mu tsaya ba. Za mu bi cutar zuwa wurin da ta fi yawan sauka idan ta tashi yaɗuwa a jiki, wato ƙashi.

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka samu da sankarar mama a faɗin duniya, wajen 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya kaɗai, a wannan shekarar, an samu sama da 32,000, sama da 16,000 suka riga mu gidan gaskiya. Ƙullutun da ke cikin mama ba kasafai shi ke kashe mace ba. Yaɗuwar ce ke yin ɓarna. Cikin matan da cutar ta yaɗu a jikinsu kuwa, kusan 7 cikin 10 za a tarar ta shiga ƙashi: ƙashin baya, haƙarƙari, ƙugu, ƙoƙon kai, saman cinya da saman damtse.

To, tambayar da za mu yi ta juyawa yau ita ce: macen da ƙashinta ya yi rauni, ma'adinansa suka ragu, ita cutar ta fi saurin kamawa a ƙashi? Idan haka ne, ƙarfafa ƙashi zai tare mata hanya?

Wani likitan fiɗa a Landan mai suna Stephen Paget ya fara taɓo zancen tun a 1889. Ya zauna ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe. Ya tarar cutar ta shiga hanta a mata 241, saifa kuwa a mata 17 kacal, alhali duka gaɓoɓin biyu jini na ratsa su sosai. Ya kuma lura da yadda take nacewa wasu ƙasusuwa. Sai ya ce ƙwayar cutar tamkar iri ce da iska ta watsa ko'ina, amma ba ta tsirowa sai inda ƙasa ta karɓe ta. Wasu likitoci sun yi masa gardama, suka ce hanyoyin jini ne kawai ke kai ta inda take zuwa. Su ma suna da tasu gaskiyar: a 1940 Oscar Batson ya nuna akwai jijiyoyin jini da ke bin gadon baya, marasa murfin da ke hana jini komawa baya, ta cikinsu ƙwayoyin cuta kan iya isa ƙashin baya kai tsaye. Amma isa wuri daban, zama a wurin daban. A nan maganar Paget ta tsaya da ƙafarta har yau.

Bari mu leƙa cikin ƙashin kansa. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ƙashi busasshen abu ne, da ya gama girma shi ke nan. Ƙashi rayayye ne, akwai jini a cikinsa, akwai ɓargo, kuma dare da rana ana sabunta shi. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke wannan aiki: masu cin tsohon ƙashi, da masu gina sabo a gurbinsa. A jikin baligi, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwa ake canzawa duk shekara. Kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jiki a ƙashi da haƙora yake. Ban da kalsiyam, lokacin da masu ginin ke aiki sukan binne wasu sinadarai masu sa ƙwayoyin halitta girma a cikin ƙashin. Suna nan kulle, ba sa fitowa sai an rushe wurin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga wani abu da nake jin zai ba iyayenmu mata mamaki, ko da yake jikinsu ya san shi. Mace mai shayarwa tana zuba kalsiyam mai yawa cikin nono kullum, kuma ba duka daga abincinta yake fitowa ba. Maman da kansa yake fitar da wani sinadari, wanda masana suka gano a 1987 suke taƙaita sunansa da PTHrP. Sinadarin na bin jini ya isa ƙashi, ya sa masu cin ƙashi su ƙara himma, kalsiyam ya fito ya tafi cikin nonon jariri. Cikin wata 6 na shayarwa uwa kan rasa wajen kashi 5 cikin 100 na ma'adinan ƙashin bayanta, wani lokaci fiye da haka. Bayan yaye sai ƙashin ya maido abinsa. Hikimar Ubangiji ke nan, kuma babu cutarwa a ciki. Shayarwa ma kariya ce: wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2002 ya nuna duk shekara guda ta shayarwa na rage haɗarin sankarar mama da kimanin kashi 4 cikin 100.

Sai dai wannan na nuna mana cewa ƙwayoyin mama tun asali sun iya ba ƙashi umarni. Idan suka rikiɗe suka zama sankara, ba sa manta wannan. Da sun sauka a ɓargo sai su fara fitar da wannan sinadari dai, ba don ciyar da jariri ba wannan karon. Masu cin ƙashi su tashi haiƙan. Suna rushewa, waɗancan sinadaran girma da muka ce an binne su sai su kuɓuce. Sankara ta sha, ta ƙara yawa, ta ƙara fitar da sinadarin, a ƙara rushe ƙashi. Haka abin zai yi ta zagayawa har ƙashin ya yi rami. Sankarar da kanta ba ta iya huda ƙashi. Ƙwayoyin jikin mai ita take sawa su yi mata aikin.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda sankarar mama ke shiga ƙashi, da rawar da ƙarfin ƙashi ke takawa.

Yaya ake auna ƙarfin nan? Akwai na'ura da ake kira Deksa. Mace za ta kwanta minti kaɗan, a haska ƙugunta da ƙasan bayanta, a auna yawan ma'adinan da ke cushe a wurin. Sai a kwatanta da na matashiya mai lafiya, domin ƙashi kan kai ƙarshen ƙarfinsa ne wajen shekara 30. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye a 1994, idan lambar ta faɗa tsakanin -1 da -2.5, ƙashi ya fara raguwa. Daga -2.5 zuwa ƙasa, an shiga ciwon zaizayar ƙashi, inda ɗan zamewa a banɗaki kan karya ƙugu.

Abin da ke tsare ƙashin mace shi ne sinadarin mata, istirojin, domin shi ke taka wa masu cin ƙashi birki. Idan al'ada ta ɗauke, istirojin ya ja baya, ƙashi kan ragu da wajen kashi 2 cikin 100 duk shekara a shekarun farko.

A nan ne zancen ya yi wata 'yar murɗiya. Mutum zai zaci mai ƙaƙƙarfan ƙashi ta fi tsira daga komai. A 1997 masu binciken garin Framingham a Amurka suka fitar da sakamakon bin mata sama da 1,300 na tsawon shekaru, sai ga shi waɗanda suka fi kowa kaurin ƙashi sun fi kamuwa da sankarar mama, har ninki 3 da rabi idan aka gwada da masu mafi ƙarancin kauri. Kada wata ta tsorata ta ce ƙashinta ne zai jawo mata ciwo. Ƙashin shaida ne kawai. Yana nuna mace ta daɗe da istirojin mai yawa a jiki, shi kuwa istirojin, yadda yake gina ƙashi haka yake ciyar da mafi yawan nau'o'in sankarar mama. Wato kamuwa da cutar tun farko magana ɗaya ce, yaɗuwarta zuwa ƙashi wata magana ce.

Kan yaɗuwar, an fara samun haske daga ɓeraye. A 2007 masana a Sydney ta Ostireliya suka hana ɓeraye abinci mai kalsiyam, jikinsu ya koma cin ƙashinsa, sai sankarar mama da aka dasa musu a ƙashi ta fi saurin girma. A 2014 wasu a Sheffield ta Ingila suka cire wa ɓeraye ƙwan haihuwa don su zama kamar macen da al'adarta ta ɗauke. Ƙwayoyin sankara da ke kwance shiru a ɓargonsu sai suka farka suka fara girma. Da aka ba su maganin da ke daƙile masu cin ƙashi, girman ya tsaya.

Ɓera dai ba mutum ba ne. Hujjar da ta fi nauyi ta zo a 2015, lokacin da wata ƙungiyar masana da ke da cibiya a Oxford ta tattara gwaje-gwaje 26 da aka yi kan mata 18,766, duka masu sankarar mama wadda ba ta riga ta yaɗu ba. An ba wasu magungunan da ake kira bisfosfonet, waɗanda tun da daɗewa ake ba tsofaffi masu zaizayar ƙashi; wasu ba a ba su ba. A cikin matan da al'adarsu ta ɗauke, bayan shekara 10, shigar cutar ƙashi ta sauko daga kashi 8.8 zuwa 6.6 cikin 100. Mutuwa daga cutar ta sauko daga kashi 18 zuwa 14.7. Ma'ana, cikin kowaɗanne mata 100, an ceci rayuka 3 da wani tsohon magani wanda ko taɓa ƙwayar sankarar ba shi ne babban aikinsa ba. A matan da ke ganin al'ada kuwa, ba a ga wannan amfani ba.

Da an tsaya a nan, da mun ce to, a cika ƙashi da ma'adinai, magana ta ƙare. Amma akwai wani sabon magani, denosumab, allura ce da ake yi ƙarƙashin fata, wadda ta fi bisfosfonet ɗaga lambar da na'urar Deksa ke nunawa. A wani gwaji a Ostiriya kan mata sama da 3,400 ta rage karaya da rabi. Sai aka gwada ta kan wasu mata 4,509 masu cutar da ake tsoron dawowarta, don a ga ko za ta hana ta shiga ƙashi. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna ba ta hana ba. Shi ya sa har yanzu, idan manufar ita ce tare yaɗuwa, bisfosfonet likitoci ke zaɓa.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, lambar da ke kan takardar awo ba ita ce ke buɗe wa sankara ƙofa ko rufe mata ba. Lambar tana faɗa mana abin da ya rage a ƙashi yau. Ba ta faɗa mana da wane sauri ake rushe shi, ko abin da ke gudana a cikin ɓargo, kuma can ne ƙwayar cutar ke kwance. Idan muka koma misalin Paget, iri bai damu da zurfin ƙasa ba. Ƙasar da aka kafce, ta yi laushi, taki ya fito sama, ita yake so. Mata biyu za su iya samun lamba ɗaya, ɗaya ƙashinta a natse, ɗaya ana ta cin sa. Saboda haka wadda awonta ya yi kyau kada ta saki jiki ta daina zuwa asibiti, wadda nata ya yi ƙasa kuma kada ta ɗauka an yanke mata hukunci.

Wani kuskure kuma da ya kamata mu kawar: Deksa ba ta gano sankara a ƙashi. Wannan aikin wasu hotuna ne daban, irin su hoton ƙashi na musamman da ake yi bayan allura, da CT, da MRI. Hoton asibiti na yau da kullum ma ba ya nuna ramin sai kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ma'adinan wurin sun tafi. Don haka "an yi mini hoto ba a ga komai ba" ba koyaushe ke rufe magana ba, idan ciwon ya ƙi tafiya.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Yanzu ga abin da ya shafi wadda ke kan magani. Wasu daga cikin magungunan sankarar mama su kansu suna cin ƙashi. Allurar kimo kan ɗauke wa mace al'ada tun tana da sauran shekaru. Ƙwayoyin nan da ake ba waɗanda al'adarsu ta ɗauke, letirozol da anastirozol, aikinsu shi ne ƙarasa kashe ɗan istirojin da ya rage a jiki. A wani babban gwaji, masu shan anastirozol sun rasa kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ma'adinan ƙashi cikin shekara 5. Tamoksifen kuwa halinsa biyu: yana kare ƙashin wadda ta daina al'ada, yana ɗan rage na wadda ba ta daina ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai sa a ajiye magani, domin amfaninsa ya fi illarsa nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne ki tambayi likitanki: "Likita, wannan maganin yana taɓa ƙashi? Ina cikin waɗanda ƙarin ruwan zoledironet zai amfana?" Zoledironet dangin bisfosfonet ɗin nan ne, akan yi shi sau ɗaya duk wata 6, na kimanin shekara 3. Kafin a fara sai an duba ƙoda, an kuma je wajen likitan haƙori, domin cire haƙori bayan an fara maganin kan bar wa wasu ƙalilan gyambo a ƙashin muƙamuƙi mai wuyar warkewa.

Abinci fa? A 1999 wani bincike da aka yi a Jos kan yara masu gwame da bauɗaɗɗun ƙafafu ya gano cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban sanadin, ba rashin rana ba. Wannan ya isa ya gaya mana tuwo da miyar da ba a inganta ba ba sa wadatar da ƙashi. Babbar mace na buƙatar wajen miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kofi ɗaya na madara kuma yana da kusan 300. Nono da kindirmo, kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifin da ake ci har da ƙaya, duka suna taimakawa. A riƙa fita hantsi ko da a tsakar gida ne, a riƙa tafiya da ƙafa. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce miyar kuka na hana sankara yaɗuwa ba. Babu binciken da ya nuna haka a jikin mutum. Ƙashi take taimaka wa, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Af, kafin in manta: ƙwayoyin nan da wasu 'yan'uwa mata ke saya a kyamis don su yi ƙiba, da yawansu dangin deksametason ne, kuma suna cikin manyan masu zaizaye ƙashi. A bar su.

Nau'in sankarar da istirojin ke ciyarwa shi ya fi son ƙashi, kuma shi ne ya fi iya haƙurin kwanciya. Wani nazari na 2017 kan mata kusan 63,000 da suka gama shekara 5 na magani lafiya ya nuna cutar ta ci gaba da dawo wa wasu har zuwa shekara ta 20: kashi 13 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙullutu da bai taɓa kaluluwar hammata ba, har kashi 41 ga waɗanda nasu ya fi girma ya kuma kama kaluluwa da yawa. Mafi yawa dai ba ta dawo musu ba, alhamdu lillahi. Amma duk wadda ta taɓa yin wannan ciwo, ko shekara 15 ke nan da aka yi mata aiki, akwai alamomin da ba a yi musu "bari mu gani".

Ciwon baya ko ƙugu ko haƙarƙari da ya zauna wuri ɗaya, ya yi makonni, hutu ba ya rage shi, da dare ma ya fi tsanani. Sau da yawa sai a ce sanyin ƙashi ne, ko tsufa, a yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sai karaya ba tare da wata faɗuwar kirki ba: mace ta yunƙura daga tabarma cinya ta ɓalle. Masu ɗorinmu na gargajiya suna da aikinsu, amma irin wannan karaya ba tasu ba ce, domin ƙashin da sankara ta cinye ba ya haɗewa da kara da tsumma, jan da za a yi masa kuma ƙara ɓarna ne. Sannan ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari, da taurin bayan gida, da ruɗewa ko yawan barci: kalsiyam ne ya malalo cikin jini daga ƙashin da ake rushewa. Shi ya sa wadda cutar ta riga ta shiga ƙashinta ba ta shan ƙwayar kalsiyam sai da gwajin jini da izinin likita.

Ta ƙarshe kuwa, maigida, ɗan'uwa, 'ya'ya, ku ma ku buɗe kunne. Idan ƙafafu suka fara nauyi ko dindiris, tafiya ta gagara, ko fitsari ya tsaya, ko ya riƙa zuba ba a sani ba, to ƙashin baya ne ya danne laka. Wannan ba a kwana da shi. Wadda aka kai asibiti tana iya taka ƙafarta, galibi takan ci gaba da tafiya bayan magani. Wadda aka bari har ƙafafu suka mutu, da wuya su dawo.

Idan kuma an tabbatar cutar ta shiga ƙashi, ba a cewa an gama. Ba kasafai ake warkar da ita ba a wannan mataki, amma ana riƙe ta, kuma matan da cutarsu ta tsaya a ƙashi kaɗai sukan yi shekaru suna harkokinsu. Gashi da na'ura, ko da zama ɗaya ne, yakan sauƙaƙa zogi ga mafi yawan marasa lafiya. Akwai sashen wannan gashi a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, da na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Likitocin ƙashi na iya sa ƙarfe a cinyar da ke shirin karyewa tun kafin ta karye. Ƙarin ruwan zoledironet da allurar denosumab, a wannan matakin, duka biyun suna jinkirta karaya.

Ki adana takardunki na asibiti, musamman sakamakon gwajin naman da aka yanka, domin shi ke nuna ko nau'in naki mai cin istirojin ne, daga nan ake zaɓar magani. Duk likitan da kika je wurinsa da ciwon baya, ko a ƙaramin asibitin unguwa ne, ki fara gaya masa an taɓa yi miki maganin sankarar mama, da shekarar da aka yi, ko da bai tambaya ba.

Lokaci ya cim mana. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]